Kwana Uku

Ni ne Tanimun majemi, ɗan Cindo,
hannuna ja ne da bagaruwa, ba da jinin kowa ba.
Ramin jima goma sha ɗaya mahaifina ya bari
a gindin duwatsun Birni, inda iska ke kai warinmu
ga hancin masu taka fatar da muka jeme.

Da wani ya zo da takarda mai tambari biyu
ya ce filin nasa ne tun ban zo duniya ba,
sai na sayar da awakin Barira, na haɗa da kuɗin fatu,
jika ɗari uku, na hau benen Metir Gonimi.
Ya ba ni ruwan sanyi kyauta
a garin da ake kwana layin famfo.
Ya ce, je ka kwanta, maganarka ta shiga aljihuna.

Ashe aljihun a huje yake.

Muka faɗi a zaman farko, ban yi kuka ba.
Ya ce akwai ɗaukaka ƙara, a ƙaro hamsin. Na ƙaro.
Duk Laraba ina kan bencin ƙofarsa:
ya tafi Yamai, ya tafi Maraɗi,
yana wurin suna, yanzun nan ya fita.
Ran da na kai kaina kotu da ƙafata
magatakarda ya lashi yatsa, ya buɗe littafi:
wa'adi ya cika Litinin, takardarku ta iso Alhamis.

Kwana uku.
Fata in ta ƙara kwana uku a ruwan toka,
ba gashi kaɗai ke zuba ba.

To, wa zai kai lauya ƙara in ba lauya ba?
Na bi su ɗaya-ɗaya. Wannan ajinsu ɗaya,
wancan tare suke shan shayi,
na ukun agogo kawai ya duba.
Wuƙa ba ta fere ƙotarta.
Liman ya ce in bar wa Allah.
Na ce na bar masa filin, malam,
kwana ukun nake cigiya.

A bayan Kasuwar Dole na sami Metir Sahiya,
ɗaki ɗaya, fanka a mace, babu ruwan sanyi.
Ba ta ce in kwanta ba. Ta ce, me ka ajiye?
Na kwance jakar da na ɗinka da hannuna:
rasit bakwai, kowanne da sa hannunsa
a lanƙwashe kamar jelar ƙadangare.
Ta jera su, ta rubuta wa shugaban lauyoyi,
sannan ta ce, sakacinsa bai isa ba, baba,
sai mun nuna da ya kai a kan lokaci, da kai ke da gaskiya.
Shari'a cikin shari'a, kamar ƙwarya cikin ƙwarya.
Shaidata ɗaya, tsoho Grema da ya haƙa ramin fari,
idonsa ya tafi, amma har yau yana ƙirga su da suna.

Jiya Gonimi ya aiko yaro da ambulan,
jika ɗari, wai mu rufa wa juna asiri.
Barira ta dube shi, ta dubi turken da babu akuya,
ba ta ce komai ba, ta ɗora tukunya.
Har yanzu yana ƙarƙashin tabarma, ban ƙirga ba, ban mayar ba.

An cike ramukan, ana buga bulo a kansu.
Ina jima a ramin wani, kuɗin yini.
Zamanmu na watan gobe, in ba a ɗaga ba.

Ran Juma'a muka haɗu a bakin masallaci,
yana neman takalminsa a cikin tari.
Ni na fara gano su. Na san jimar,
ta ramin huɗu ce, wanda ke kusa da kurna.
Na miƙa masa.